Daga Zaure Zuwa Tukur-Tukur: Yadda Aka Koyar da Talifi da Aikin Jarida a Ƙasar Hausa

Kowane malami da ya taɓa tsayawa gaban aji ya ce wa yara su ɗauki alƙalami su rubuta labari, ya san akwai tazara tsakanin koya wa yaro rubutu da koya masa talifi. Rubutu shi ne yaro ya iya jera baƙaƙe da wasula daidai, ya san inda ake raba kalma da inda ake ɗiga aya. Talifi kuwa shi ne ya san abin da zai faɗa, da wanda zai faɗa wa, da inda zai fara, da inda ya kamata ya yi shiru. Na farkon a kan gama shi cikin shekara biyu ko uku. Na biyun akwai waɗanda suka tsufa da alƙalami a hannu ba su same shi ba. Abin da na yi nufi a wannan takarda shi ne in bi sawun yadda aka yi ta ƙoƙarin koyar da wannan na biyun a ƙasar Hausa, da shi da ƙanensa aikin jarida, musamman tsakanin 1929 da 1959, watau daga kafa Hukumar Fassara har zuwa rufe NORLA. Cikin waɗannan shekaru talatin ne aka horar da mutanen da har yau littattafansu muke ba ɗalibai su yi koyi da su, ya kuwa kamata mu san ta wace hanya su aka koya musu.

Kafin mu kai can, tilas mu tsaya kaɗan a zaure, don kada a zaci Bature ne ya zo da koyar da talifi. Almajirin da ya sauke Alƙur'ani ya shiga makarantar ilmi, ya kan karanta nahawu da lugga da balaga da aruli, ya haddace waƙoƙin Larabawan jahiliyya, ya bi Muƙamatul Hariri kalma bayan kalma, malam na fassara masa da Hausa. Ba a ce masa ya zauna ya ƙago wani abu daga kansa. Ana cika masa kunne da maganar gwanaye ne har ta zauna masa, sa'an nan in yana da rabo sai ya fara ɗora nasa a kan nasu, ko ta hanyar tahmisi, ko ta sharhi, ko ta juya waƙar Larabci zuwa Hausa ko Fillanci. Ta wannan hanya aka sami malaman jihadi, aka sami Nana Asma'u wadda ta rasu a 1864, wadda ta tsara waƙoƙi da harshe uku ta kuma ba jajis suna kai wa matan ƙauye. Ta nan kuma aka sami magatakardan sarakuna, waɗanda suka san yadda ake buɗe wasiƙa ga na gaba da yadda ake buɗe ta ga tsara. Har littafi aka yi a kan wannan fanni. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano ya zauna Salaga ya rasu a Kete Karachi ta ƙasar Gana a 1934, ya wallafa Sarhatul Wariƙa fi Ilmil Wasiƙa a 1877 tun yana saurayi, ya jera misalan wasiƙu iri iri don mai koyo ya kwaikwaya.

To, hanyar zaure ke nan: a ba ka misali mai kyau, ka yi ta bi har hannunka ya faɗa. Amfaninta shi ne ba ta fid da mai ƙaramin kalami, don wanda ya sha Hariri ba ya rasa kalma. Inda ta gaza kuwa, ba ta ɗauki zube da harshen Hausa a bakin kome ba. Waƙa ita ce abin rubutawa da ajami, zancen ilmi kuma da Larabci. Tatsuniya da almara an bar su ga mata da yara a dandali da dare.

Da Turawa suka ci ƙasar, Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano a 1909, a 1912 kuma ya fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da boko. Wannan aikin rubutu ne, bai kai ga talifi ba tukuna. Abin da gwamnati ke so a lokacin shi ne malamin da zai rubuta haraji da jangali da hukuncin alƙali a cikin littafi, Razdan ya duba ya gane. Ko Kwalejin Katsina, wadda ta fara aiki a 1921 don horar da malaman makaranta, ƙarfinta a kan Ingilishi yake, musamman furucinsa, shi ya sa waɗanda suka fito daga cikinta irin su Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi suna wajen magana da harshen nan. Insha'in da ake ba su a aji mafi yawa da Ingilishi ne, malami ɗaya ne zai karanta, ya ja jan layi, ya ba da maki, a rufe littafi. Ban faɗi haka don in rage wa kwalejin nan daraja ba. Ita ta haifi waɗansu daga cikin waɗanda za mu ambata nan gaba. Amma ba ita ta mai da su mawallafan Hausa ba.

Wurin da aka yi wannan aiki wani ɗan ofis ne da ba a kira shi makaranta ba ko sau ɗaya. A 1929 aka kafa Hukumar Fassara don a samar wa makarantun elementare littattafan karatu, ba da daɗewa ba ta zauna a Zariya, aka danƙa ta a hannun Dokta R. M. East. Da fari fassara kawai ake yi, daga Larabci da Ingilishi, aka fitar da irin su Labaru Na Da Da Na Yanzu da Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. Sai East ya lura da wani abu da kowane malamin elementare ya sani: yaro ya kan koyi karatu, ya bar makaranta, ya rasa abin da zai karanta don jin daɗi, bayan 'yan shekaru karatun ya zube. Littafin lissafi da na kiwon lafiya ba su riƙe mutum. Saboda haka a 1933 aka sāke wa ofishin suna ya zama Hukumar Talifi, East kuma ya zaga manyan garuruwan Arewa yana tara malamai yana roƙonsu su rubuta labarai ƙagaggu da Hausa, a yi gasa.

Shi kansa ya ba da labarin wahalar da ya sha a wata maƙala da ya buga a mujallar Africa a 1936. Taƙaitaccen abin da ya ce shi ne, malamai sun ɗauki littafi abu ne na addini ko na ilmi, suna ganin zubar da girma ne dattijo ya zauna ya rubuta abin da bai faru ba, kuma ba su da wani misali a gabansu da za su duba su ce ga irin abin da ake nema. Wannan magana ta ƙarshe ita ce ta fi muhimmanci ga mai koyarwa. Mutanen da aka horar ta hanyar bin misali, an zo an ce su yi abin da ba shi da misali. Me suka yi? Kowa sai ya koma ga abin da ya sani. Malam Bello Kagara ya ɗauki labarun yaƙe-yaƙen zuwan Turawa da kirarin mazaje, ya haɗa da ƙasar aljanu, ya yi Ganɗoki. Ƙanensa Abubakar Imam, wanda a lokacin yana koyarwa a Midil ta Katsina yana ɗan shekara 22, ya ɗauko fasalin Muƙamatul Hariri, watau mutum biyu masu yi wa juna wayo suna rabuwa suna sāke gamuwa, ya yi Alhaji Imam da Malam Zurƙe a cikin Ruwan Bagaja. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya bi tafarkin labarin rayuwar malami da zamanin bauta, ya yi Shaihu Umar. Muhammadu Gwarzo ya yi Idon Matambayi da labarun ɓarayi. Na biyar, Jiki Magayi, sunan mutum biyu ke bisa bangonsa, John Tafida da East kansa.

Wannan suna biyu a bango ɗaya shi ya fi kome nuna irin koyarwar da ake yi a ofishin. East ba ya karɓar rubutu ya ce ya yi ko bai yi ba kurum. Ya kan karanta, ya mayar wa mai shi, ya nuna inda labari ya yi sanyi, da inda aka ɗebo daga wani littafi ba a narkar da shi ba, da inda Hausar ta bi ƙirar Ingilishi. Mai rubutu ya gyara ya dawo da shi. In abin ya ƙi, sai su zauna tare. Horon maƙera ke nan, yaro na zuga zuga-zugi yana kallon hannun ubangidansa, ran da aka ba shi masaba kuma ubangidan na tsaye a kansa.

Inda wannan horo ya fi fitowa fili shi ne a 1936, sa'ad da aka aro Imam daga Katsina ya zo Zariya ya yi kamar wata shida. East ya tara masa littattafai na Gabas da na Yamma: Dare Dubu da Ɗaya, da Kalila wa Dimna, da tatsuniyoyin Jamus na 'yan'uwan nan Grimm, da waɗansu da dama. Aikin Imam ya karanta, ya zaɓa, ya rufe littafin, ya sāke gina labarin a ƙasar Hausa. Daga nan aka sami Magana Jari Ce, littafi uku, labarai fiye da 80, waɗanda aka buga daga 1937 zuwa 1939. Masu bincike na baya, musamman Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu, sun bi diddigin labarai da yawa sun nuna tushensu. Labarin Sarkin Busa, alal misali, daga labarin mai busar nan na garin Hamelin ta Jamus ya fito, wanda ya kwashe ɓeraye aka hana shi ladansa ya kwashe yara. Labarin Kalala da Kalalatu kuwa daga wata tatsuniyar Grimm ce ta kuyanga mai kwaɗayi da ta cinye kaji biyu ta haɗa maigida da baƙonsa gudu.

Akwai masu ganin wannan bincike kamar tonon asiri ne. Ni dai ban gan shi haka ba, don a wurin mai koyar da talifi babu darasin da ya fi shi amfani. A ɗauki labarin asali a ajiye gefe ɗaya, a ajiye na Imam a ɗaya gefen, a sa ɗalibi ya lissafa abin da aka canja. Zai tarar kuyanga ta zama matar aure, don a gidan Bahaushe a nan ne rikicin zai yi armashi. Zai tarar an ba kowa suna mai bayyana halinsa, an sa gaisuwa inda Bature ya wuce kai tsaye, an sa karin magana a bakin wanda ya dace da ita, an cire abin da Musulmi ba zai yarda ya faru a gidansa ba. Zai kuma ga duk labaran an rataye su a bakin aku, wanda ke da dalilin ba da kowane ɗaya, ko don ya tsare ɗan sarki kada ya fita, ko don ya ci gasa, ko don ya koya wa ɗansa. Ɗalibin da ya yi wannan aiki a kan labari uku ya san abin da ake nufi da mai karatu fiye da wanda ya haddace babi guda na ma'anar kalmar. Abin lura kuma, wannan hanya ba ta yi nisa da ta zaure ba. Bin misali ne dai, sai dai an sāke misalan, an kuma ƙara mai gyara.

Jarida ta zo daga baya. A Kudu an daɗe da ita, tun 1859 da Henry Townsend ya fara Iwe Irohin da Yarabanci a Abeokuta. A Arewa kuwa sai a 1932 gwamnati ta fara fitar da Jaridar Nijeriya Ta Arewa da Hausa da Larabci da Ingilishi, ita ma jefi-jefi, yawancinta sanarwa ce da labarin manya. A watan Janairu na 1939 aka fara Gaskiya Ta Fi Kwabo, ana sayar da ita kwabo ɗaya, tana fitowa wata wata. Yaƙin duniya na biyu ya gabato, jita-jita ta cika kasuwanni har ana cewa za a ba Jamus ƙasar, gwamnati kuwa na son bakin da zai yi magana da talakawa. Aka naɗa Imam editan Hausa, tare da wani jami'in mulki, L. C. Giles, East na bisa kansu.

Imam bai taɓa shiga ajin aikin jarida ba, babu ma irin wannan aji a Nijeriya duka a lokacin. A bakin aiki ya koya, shi da waɗanda suka biyo shi irin su Nuhu Bamalli, abubuwan da suka koya kuwa ana iya ganinsu a shafukan jaridar. Na farko shi ne juya labari. Bahaushe in zai ba da labari daga tushe ya kan faro: wane ya tashi da asuba, ya ɗaura wa jakinsa mangala, ya kama hanya, sai can a ƙarshe a ji gada ta karye da shi. Jarida kuwa da karyewar gadar take farawa, da wurin, da ranar, da yawan waɗanda abin ya shafa, sa'an nan ta koma ga jaki. Wannan juyi ya saɓa wa kunnen mai sauraro, kuma har yau shi ne abin da ya fi ba ɗalibanmu wuya. Gwanintar Imam ita ce ya san inda zai bi ƙa'idar da inda zai sassauta ta. Ya san jaridarsa mutum ɗaya ke saye, goma su saurara a gindin bishiya ko a zauren mai unguwa, saboda haka ya rubuta ta don a karanta da ƙarfi, jimla ba ta fin numfashi ɗaya, in magana ta yi nauyi sai ya sauƙaƙa ta da misali ko raha.

Abu na biyu shi ne kalmomi. Yaƙi ya kawo abubuwan da Hausa ba ta da sunansu, kowane wata kuma sai an ba da labarinsu. Dole edita ya yanke shawara nan take, ko ya ari kalmar ya lanƙwasa ta ta zauna a bakin Bahaushe, ko ya ƙera sabuwa daga abin da ake da shi, ko ya bayyana abin da jimla guda. Ba shi da kwamitin da zai jira, don Hukumar Harshen Hausa sai a 1955 aka kafa ta. Alƙalinsa shi ne kasuwa: kalmar da mutane suka ɗauka ta zauna, wadda suka ƙi ta mutu. Haka kuma wajen ƙa'idar rubutu. Haruffan nan masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, a cikin shekarun 1930 suka maye gurbin ɗigon da a kan sa a ƙarƙashin harafi, amma littattafan Zariya da jaridar nan su suka kai su ko'ina, tare da karin harshen da ya jingina ga na Kano, har ya zama shi ne daidaitacciyar Hausa.

Na uku, wanda a ganina ya fi sauran, shi ne filin wasiƙu. Malamin makaranta a Bauci, ko akawun En'e a Gusau, ko soja a bariki, ya rubuto wasiƙa, edita ya gyara ta ya buga da sunansa da garinsa. Mai wasiƙar ya ɗauki abin da ya aika ya gwada da abin da ya fito, ya ga inda aka datse masa doguwar gaisuwa, da inda aka raba masa jimla, da inda aka cire zagi aka bar hujja. Wata mai zuwa kuma wani ya ba shi amsa daga wani lardi. Babu wata kwaleji a Arewa da ke da ɗalibai masu yawan na wannan fili, ba kuwa a biyan ko anini sai kuɗin kan sarki. Samarin da suka yi ta muhawara a ƙungiyar tattaunawa ta Bauci wadda aka fara a 1943, su Sa'adu Zungur da Aminu Kano da Tafawa Ɓalewa, irin wannan iska suka shaƙa, ta a faɗi magana a fili a kuma jira martani.

Amma fa kada mu yi wa wannan makaranta kwalliyar da ba tata ba. Jaridar ta gwamnati ce, akwai iyakar da edita ba ya ƙetarewa game da Turawa da sarakuna, wanda ya koyi aiki a cikinta kuma ya koyi iyakar tare da aikin. Imam ya san haka sarai. Da ya je Ingila a 1943 cikin ayarin editocin Afirka ta Yamma, tafiyar da ya ba da labarinta a Tafiya Mabuɗin Ilmi, ya ƙi sa hannu a takardar neman mulkin kai da Nnamdi Azikiwe ya shirya, amma ya gana da Lugga ya kuma rubuta masa koke-koken 'yan bokon Arewa game da yadda ake tafiyar da mulki. Abin da ya iya rubuta wa tsohon Gwamna a wasiƙa ya fi abin da zai iya bugawa a shafin farko. Ban da wannan, horon mai gyara ɗaya ya kan sa kowa ya bi ɗanɗanon mutum ɗaya. East na son labari mai sauƙi mai gudu wanda ya dace da yaran makaranta, abin da bai shiga wannan ma'auni ba da wuya ya ga ɗab'i. Ajami, wanda masu karanta shi suka fi masu boko yawa nesa ba kusa ba, an ba shi ɗan gurbi ne kawai a 'Yar Gaskiya. Mata kuwa, jikokin almajiran Nana Asma'u, babu sunan ko ɗaya a cikin mawallafan farko, sai a 1980 da Kamfanin NNPC ya buga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid bayan gasar da ya shirya.

A 1945 aka mai da ofishin Kamfanin Gaskiya, aka gina masa mazauni a Tukur-Tukur da injunan ɗab'i da gidajen ma'aikata. Nan horon ya faɗaɗa, ya haɗa da masu jera haruffa da masu duba kurakurai da masu ɗinkin littafi, ya kuma wuce Hausa, gama Akiga Sai, wanda East ya fassara littafinsa na tarihin Tibi aka buga a 1939, a nan ya yi editan jaridar harshensu. A 1948 aka ƙara Nigerian Citizen da Ingilishi. Da aka ɗaura Yaƙi da Jahilci a farkon shekarun 1950, aka kafa NORLA a 1953 don ta samar wa manya da suka koyi karatu abin karantawa, sai larduna suka sami nasu ƙananan jaridu: Zaruma a Sakkwato, Himma a Katsina, Sodangi a Kano, Bazazzaga a Zazzau, Zumunta a Bauci, Albishir a Barno. Kowace na bukatar edita da masu aiko da labari daga gundumomi, yawancinsu kuwa malaman makaranta ne da ma'aikatan En'e da aka nuna wa aikin cikin ɗan lokaci. Rubutunsu bai kai na Imam ba, amma a karo na farko mutumin ƙauye ya ga sunan kasuwarsu a takarda. NORLA ba ta iya ɗaukar nauyin kanta ba, littattafai suka taru a sito saboda rashin hanyar kai su ga masu saye, aka rufe ta a 1959, jaridun larduna suka bi ta.

Daga nan sai koyar da aikin jarida ya shiga jami'a. A 1961 Jami'ar Nijeriya ta Nsukka ta buɗe kwalejin aikin jarida da aka sa wa sunan Jackson, don tunawa da mai jaridar nan ta Ikko, aka tsara ta bisa tsarin Amurka. Jami'ar Ikko ta bi a 1966, Jami'ar Bayero ta Kano kuma a ƙarshen shekarun 1970. An sami riba babba: ɗalibi ya san dokar ɓata suna, ya san ladubban aiki, ya san yadda ake tabbatar da labari daga majiya fiye da ɗaya, ya san tarihin sana'arsa, abubuwan da mutanen Tukur-Tukur suka koya da tuntuɓe. Sai dai harshen koyarwa Ingilishi ne. Saurayi ya yi shekara huɗu yana rubuta labari da Ingilishi, ran da ya fito sai ya sami aiki a gidan rediyo ko jaridar Hausa, ya zauna yana fassara abin da ya zo ta waya, jimla bayan jimla, da ƙirarta ta asali. Daga nan muke samun Hausar da kalmominta duk na Hausa ne amma tsohuwa a gida ba ta gane ta. Sassan Hausa kuma, a nasu ɓangaren, sun fi mai da hankali ga nazarin abin da aka riga aka rubuta. Ɗalibi zai iya fayyace jigo da salo da zubi na Ruwan Bagaja, amma da wuya a ce masa ya rubuta shafi biyu a mayar masa sau uku.

Na taɓa duba takardun insha'i na wata kwalejin horon malamai, an ba ɗalibai su rubuta a kan ranar kasuwa a garinsu. Cikin takardu wajen arba'in, kusan duka da jimla iri ɗaya suka fara, ta bayyana ma'anar kasuwa, kamar akwai Bahaushen da bai san ta ba. Babu wanda ya faɗi nawa ake sayar da tiyar gero a ranar, ko wa ke yanka wa mahauta farashi, ko me dillali ya ce da mai akuya. Yaran ba dolaye ba ne, da za ka tare ɗayansu a bakin ƙofa ka tambaye shi, da ya ba ka labarin da za ka yi dariya har ka riƙe ciki. Sun dai gane cewa wanda zai karanta takardar ba labarin kasuwa yake nema ba, kurakurai yake nema, sai suka rubuta abin da ba shi da haɗari. Da malaminsu ya ce za a manna uku mafi kyau a bangon makaranta, ko za a karanta su a taron safe da sunan mai su, ya kuma aike su kasuwar da fensir kafin su rubuta, da takardun sun bambanta.

Abin mamaki, hanyar Zariya ba ta mutu ba, ta dai fita daga hannun hukuma ne. Marubutan da suka cika kasuwar Kano da littattafai tun daga tsakiyar shekarun 1980, irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino, ba a aji suka koyi talifi ba. Sun karanta na gabansu, sun kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama suna duba wa juna rubutu, masu karatu kuma na aiko musu da wasiƙu har a buga su a bayan littafi. Misali da mai karatu duk suna nan, mai gyara ne ya yi ƙaranci, shi ya sa ƙa'idar rubutu ta sha wuya a hannun da yawa daga cikinsu. Gasa ma ta dawo. Sashen Hausa na BBC, wanda ya fara watsa shirye-shirye a 1957, ya buɗe gasar Hikayata ta gajerun labarai a 2016, ya kuma keɓe ta ga mata, waɗanda babu ko ɗayarsu a cikin mawallafan littattafai biyar ɗin da aka buga bayan gasar 1933.